Amsa kan injin zuƙar ƙura na goyo: mai batir a gine ko wanda ake zarewa?

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka cewa kwamitin masallacinku nan Mabera na son sayen injin zuƙar ƙura irin wanda ake goyawa a baya, marar waya, don share kafet, kuma an nuna muku iri biyu, ɗaya batirin a gine yake ciki sai dai a soka mishi caja, ɗayan kuma ana zare batirin a sa wani amma ya fi tsada, kana son sanin ko bambancin kuɗin ya cancanta. Ni sana'ata ke nan, ina da yara muna share masallatai da ofisoshi da ɗakunan taro nan cikin Sakkwato shekaru da dama, kuma na yi aiki da dukkan iri biyun. Ku sayi wanda ake zare batirin. Ko da zai kai ku jira a ƙara tara kuɗi wata Juma'a ko biyu, ku jira.

Dalili shi ne a injin irin wanga batir ne ke fara mutuwa, ba moto ba. Moton da ba shi da gawayi a ciki, wanda ake ce ma brushless, yakan daɗe ƙwarai, tiyo in ya yage a canza, jakar ƙura a canza, amma batirin litiyom yana da iyakar caji, galibi bayan an cika shi an ƙarar sau 300 zuwa 500 za ka ga ya fara ragewa, kuma wanga lissafi na ƙasashen da ke da sanyi ne. Mu nan da Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40 kullum, ai kafin nan ma ya gaji. To ranar da ya gaji, in a gine yake, injin gaba ɗaya ya zama kayan ajiya a sito, moto lafiya lau amma ba abin da zai motsa shi. Na ga irinsu jingine a lungun masallatai, kuɗin jama'a ne anka tara naira ɗari-ɗari, abin na yi min ciwo wallahi. Turawan da ke ƙera su ma sun gane haka, Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027 batirin kayan hannu dole ya zama mai shi na iya cirewa ya sa wani da kanshi.

Sai kuma maganar lokaci. Ku lura da kyau, mintocin da ake rubutawa a kwali galibi na ƙaramin gudu ne, wanda ake share tayil ko siminti da shi. Kafet ɗin masallaci mai kauri da ya sha ƙurar hunturu ba ya jin ƙaramin gudu, dole yaro ya kai shi babba, nan take lokacin ya ragu wajen rabi ko fiye. In kana son sanin gaskiyar batir ka juya bayanshi ka nemi lambar da anka rubuta Wh kusa da ita, wato yawan wutar da batirin ke ajiyewa, in babu ka ninka lambar bolt da lambar da anka rubuta Ah kusa da ita. Misali batirin Makita mai bolt 18 da Ah 5 ya ba ka Wh 90, injin goyonsu irin DVC660 guda biyu yake ɗauka, ya zama bolt 36, Wh 180 ke nan. A ce moton na jan wat 300 a babban gudu, ka raba 180 da 300, ya ba ka 0.6 na awa, minti 36 ke nan ka samu. Numatic na Ingila suna da batir guda mai suna NX300, bolt 36, wajen Wh 300. Da wanga lissafi ba mai shago da zai ruɗe ka. Kuma kar lambar bolt ta ja ka, wanda anka rubuta 40V max bolt 36 ne a wurin aiki, mai 20V max kuma 18 ne, sun dai rubuta abin da yake nunawa daidai lokacin da anka cire shi daga caja.

Yanzu ka duba masallacinku, tsakanin Asuba da Azahar ne kawai ake da sarari mai tsawo, ranar Juma'a kuma kowa ya san yadda ake gaggawa. In batir ya ƙare ana sahu na huɗu, mai batir a gine sai a ajiye shi jikin soket awa biyu ko uku, wannan ma in akwai wuta. Mai zarewa kuwa yaro ya danna makulli ya zare ya tura wani, ya ci gaba, wancan na can yana caji. Cajar Makita mai sauri tana cika mai Ah 5 cikin minti 45 ko kusa da haka, to in kuna da tagwayen batir biyu aikin ba ya tsayawa don na farko sun ƙare. Don haka a kasafinku ku sa kuɗin batir na biyu tun farko, injin da batir ɗaya rabin aiki ne.

Amma ba duk mai zarewa ne ke da kyau ba, nan ne nake son in daɗe don nan mutane ke faɗawa.

Na farko ku tambaya batirin na injin nan ne shi kaɗai ko kuwa irin wanda ke shiga wasu kayan aiki ne. Akwai kamfunan da sunka yi batir guda ga kayansu duka, na Makita da Milwaukee haka suke, batirin da ke cikin injin huda bango shi ne ke shiga injin ƙura. Amfanin wanga shi ne bayan shekara uku in ka nema za ka samu, ko ba a Sakkwato ba a Kano ko Legas, don kafintoci da masu haɗa sola da masu alminiyom duk suna saye. Amma injin da batirinshi ke da wata siffa tashi ta daban, ba sunan kamfani sananne, yau yana kasuwa gobe kwantenar ta ƙare, wannan ko ana zare shi ba ku tsira ba, don me za ka sa in ka zare? Ni kafin in sayi inji sai mai shago ya ɗauko min batirin kaɗai ya faɗi kuɗinshi. In ya ce za a kawo, na bar shi.

Na biyu ku duba inda batirin ya zauna jikin injin. Ka goya shi da kanka a shagon, kar ka ji kunya, ka duƙa ka miƙe ka yi taku goma. Waɗanga injuna sukan kai kilo 5 zuwa 8 da batirinsu, kuma yaro zai yi awa yana duƙawa ƙarƙashin mumbari da bayan ginshiƙai. Abin kamar goyon yaro ne, in ya manne da baya kuma nauyin ya sauka a ƙugu ba ka jin shi, in ya yi baya-baya yana lilo kafaɗu ne za su biya. Batirin da anka sa ƙasa kusa da bel ɗin ƙugu ya fi wanda anka ɗora sama ko can nesa da jiki. Kuma ka lura da inda iska mai zafi ke hita daga moto, in tana hurawa daidai kan batirin wannan ƙira ce marar kyau ga ƙasarmu, zafin gari ga zafin moto ga zafin da batirin ke yi da kanshi. Ka kuma duba ko ana iya ganin saura nawa ya rage ba sai an sauke injin ba, wasu suna da fitilun a ɗan makunnin da ke rataye a bel, wasu sai wani ya leƙa maka baya.

Na uku makulli da bakin haɗuwa. Irin da ake turawa bisa layi har ya yi ƙas ya fi wanda ake soka mishi ƴar waya a rufe da murfi, don ƴar wayar nan da filoginta su ke fara sakin jiki in ana cirewa kullum. Ka tura shi ka girgiza injin, in batirin na motsi ko kaɗan to wuta za ta riƙa tartsatsi a bakin ƙarfen, ya yi zafi, robar ta narke a hankali. Mu da hunturu ƙura na cika ramukan nan, kowane mako muna bi da busasshen buroshi, ba ruwa, ba mai, kuma kar a soka ƙusa ko waya don goge shi.

Cikin kwalin batirin ƙwayoyi ne ƙanana masu kama da batirin tocila, mafi yawa ana ce musu 18650, wato kaurin milimita 18 tsawon 65, sabbin kuma 21700. Kowace ɗaya bolt 3.6 take ba da wa, in ta cika 4.2, goma a jere su ne bolt 36. Tare da su akwai ɗan fanel da ake kira BMS, shi ke hana caji ya wuce ƙima, ya yanke wuta in sun yi ƙasa sosai ko sun yi zafi. Batirin jabu nan ne suke cin riba, su sa ƙwayoyi marasa ƙarfi su rage fanel. Ƙwayar 18650 ta gaskiya daga Samsung ko LG ko Panasonic ba ta wuce wajen mAh 3,500, wato Ah 3.5, to in ka ga an rubuta 9,900 ka san ƙarya ce. Jabu kuma ya fi orijinal rashin nauyi, in ka riƙe biyun a hannu za ka ji.

Wasu cikin guruf ɗin nan za su ce ai in ya mutu a kai wa masu gyara su zuba sabbin ƙwayoyi. Ana yi, kuma akwai yaran da sunka iya, ban hana ba. Amma yawanci ƙwayoyin tsohuwar kwamfuta suke samu, waɗanda anka yi don jan wuta kaɗan-kaɗan. Injin wat 300 a bolt 36 yana jan amf 8 da wani abu, a bolt 18 kusan 17. Ana buƙatar ƙwaya irin Samsung 25R da ke jure amf 20, kuma a haɗa su da injin ɗinkin nikel ba da dalma ba, don zafin dalma na lalata ƙwayar. Wasu fanel ɗin ma in sunka kulle sau ɗaya ba su sake buɗewa ko an sa sabbi. Don abin da za a goya a bayan ɗan mutane cikin masallaci, ni dai na fi son orijinal.

Caja kuma, don Allah ku karanta bayanta kafin a soka. Kayan da anka kawo daga Amurka da yawa na bolt 110 zuwa 120 ne, mu kuma wutarmu 230 ce, sokawa ɗaya ta ƙone. In masallacin na da sola da inbata mai kyau ku yi caji da ita, ta fi ƙaramin janareto da wutarshi ke hawa tana sauka. Batirin litiyom ba a so a yi mishi caji in zafinshi ya wuce digiri 45, shi ya sa caja mai kyau ke ƙin karɓa in an kawo shi da zafi daga aiki, tana ƙyafta fitila. Yara sai su ce ta lalace, ba ta lalace ba, a bar shi a inuwa ya huce tukuna. Lokacin bazara mu da sassafe ko da dare muke caji. Kar a bar shi cikin but ɗin mota, kar a bar shi a ɗakin kwano mai rufe da rana, in za a daɗe ba a yi aiki da shi ba a ajiye shi da rabin caji ba cike ba, ba kuma fanko ba. A nan ma mai zarewa ya fi, injin na iya kwana a sito, batirin kuma ladan ya tafi da shi ɗaki mai sanyi.

Wurin caji ya zama bisa siminti, nesa da kafet da Alƙur'anai da tabarmi, kuma kar a kulle masallaci a tafi a bar shi jikin wuta har Asuba. In batir ya kumbura ko ya tsage ko yana wani wari ko ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, a hitar da shi waje wurin da ba kowa, kar a sake sa shi. In injin mai batir biyu ne ku sa musu alama da fenti, tagwayen da anka saya tare su riƙa aiki tare, don in ka haɗa tsoho da sabo tsohon ne zai tsai da aikin.

Abu guda da ke cinye caji mutane ba su lura ba shi ne matata da jakar ƙura. In sun toshe zuƙar ta ragu, yaro ya ƙara gudu ya riƙa maimaita wuri ɗaya, sai a ce batir ya yi rauni. Daga Disamba zuwa Fabrairu kullum ake kakkaɓe matatar.

In wani zai zo muku da shi daga Saudiyya ko Dubai, ku gaya mishi batirin ba ya shiga kayan awo, a jakar hannu ake riƙe shi, har Wh 100 ba matsala, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi kuma biyu kawai, sama da haka fasinja ba ya ɗauka. Wato mai Wh 90 zai wuce, babba mai 300 sai ta hanyar masu kaya.

Allah ya ba ku ladan hidimar ɗakinShi. In ka koma shagon ka ɗauko hoton rubutun bayan batirin da na bayan cajar ka turo nan, sai mu yi lissafin tare da faɗin masallacin mu ga batir nawa zai ishe ku.