Amsoshin Tambayoyinku: Shin Girkawan Dā Ma Suna da Garaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A littafin tarihin ƙanena na ga hoton wata tsohuwar tukunyar Girkawa, an zana mutum a jikinta yana riƙe da abin kiɗa mai tsirkiya da yawa. An ce har yara ake koya wa a makaranta. Irin garayarmu ce? Kuma da gaske kiɗa yana da wannan daraja a wurinsu? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Tambayarki ta yi mini daɗi, don da sautin garayar maharba na tashi a ƙauyenmu, har yau kuma idan na ji ta sai na tsaya. Amma abin da kika gani ba garaya ba ce. Sunansa lira, kuma ƙirarsu ta bambanta tun daga tushe.

Garaya da molo da gurmi duk suna da doguwar sanda, makaɗi yana danne tsirkiya a jikinta da yatsa don ya sauya sauti, shi ya sa tsirkiya biyu ko uku ta ishe shi. Lira ba ta da wannan sanda. Ƙoƙon bayan kunkuru ake samu, a rufe bakinsa da fatar sa, a kafa hannuwa biyu na itace ko na ƙaho, a gitta wani itacen a sama, sannan a ɗaura tsirkiyoyin hanjin tunkiya daga can zuwa ƙoƙon. Yawanci bakwai ne, kowace da muryarta. Hannun dama na kaɗawa da wani ɗan abu na ƙashi ko ƙaho, yatsun hagu kuma suna tare waɗanda ba a so su yi ƙara. A tatsuniyoyin addininsu, Hermes, ɗaya daga cikin abubuwan da suke bauta wa, shi ya fara haɗa ta da kunkurun da ya tsinta, daga baya ya ba Apollo, wani abin bautar nasu, ita don ya huce kan shanunsa da ya sace.

Idan kina son ganin danginta da ido, ba sai kin je Girka ba. 'Yan uwanmu mazauna Sudan sun san tambur, Habashawa kuma suna da kirar da begena, duk ƙirar ɗaya ce. Abin da ya fi kusa da molo a wurin Girkawa shi ne pandura, mai sanda da tsirkiya uku, amma bai taɓa kama ƙafar lira a daraja ba. Akwai kuma kitara, babbar yayar lira, wadda ake sassaƙawa gaba ɗaya da itace, sai ƙwararru ke riƙe ta a gaban taro. Daga sunanta kalmar jita ta samo asali.

Batun makaranta gaskiya ne. A birnin Atina, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗan mai hali yakan je wurin malamai uku: na karatu da rubutu, na kokawa da motsa jiki, da na lira. A walimar dare akan miƙa lira daga hannu zuwa hannu, kowa ya rera abin da ya iya. An ruwaito cewa Temistokilis, jagoran da ya kai su ga nasara kan rundunar ruwan Farisa a Salamis a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya taɓa kasa kaɗa ta a wurin walima, aka ɗauke shi mai ƙarancin ilimi. Jarumi sukutum fa! A waƙar Homer ta yaƙin Turoi ma, da manzanni suka je lallashin jarumi Akilis, sun tarar da shi a tantinsa yana kiɗa yana waƙar mazan jiya. A Delfi, wani babban wurin bautarsu, kuwa ana gasar kiɗa da waƙa duk bayan shekara huɗu, ladan zakara rawanin ganye ne kawai.

Ba tsirkiya kaɗai suka sani ba. Suna da aulos, abin busa mai baki biyu da muryarsa ta fi kama da algaita. Shi ake busawa lokacin yanka a wuraren bautarsu, da shi matuƙan jiragen yaƙi ke daidaita bugun filafili, da shi mayaƙan Siparta ke takawa zuwa fagen daga.

Wurin da na fi so ki lura da shi ga shi. Aflatun, masanin falsafarsu, ya ɗauki kiɗa abu mai gyara hali ko ɓata shi, har a birnin da ya tsara a littafinsa ya bar lira da kitara, ya kori aulos. Almajirinsa Aristotal ya ce yaro ɗa ya koyi kiɗa don ya iya bambance mai kyau, amma kada ya mayar da shi sana'ar faranta wa taro rai. Da na fara karanta wannan sai na tuna yadda muke yi: a sha daɗin waƙa, a yi wa makaɗi kari, amma a ƙi ba shi 'ya. Ni dai ban taɓa yarda da wannan ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya faɗa wa jama'a gaskiyar da masu manyan riguna suka kasa faɗa.

Tambaya: Malam, tunda babu rikoda a lokacin, ta yaya aka san yadda kiɗansu yake? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, Girkawa sun ƙirƙiro hanyar rubuta sauti. Sukan ɗora wasu alamomi masu kama da haruffa a saman kalmomin waƙa, kowace tana nuna inda murya za ta hau ko ta sauka. Abin da ya tsira kaɗan ne, guntaye kusan 60, yawancinsu a yage ko a farfashe. A 1893 masu tonon tarihi na Faransa sun samo waƙoƙi biyu da aka sassaƙa a dutse a Delfi, na wajen shekara ta 128 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wadda ta zo cikakkiya ita ce ta Seikilos, 'yar gajeruwa da ke jikin dutsen kabari, an gano ta a 1883 kusa da garin Aydin na Turkiyya, yanzu tana gidan tarihi na ƙasar Danmak. Tana cewa ne mutum ya haskaka muddin yana raye, kada ya cika baƙin ciki, don kwana kaɗan ne. Ana rera ta cikin ƙasa da minti ɗaya, na kuma saurare ta fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Masu sana'a a Girka sun sake ƙera lira ta hanyar bin zanen tukwane da ragowar da aka tono, za ka same su a YouTube. Sai dai ka kula: idan ka ga lirar tsibirin Kirit da ake bikin aure da ita a yau, suna kawai suka haɗa da ta dā. Ita tsirkiya uku gare ta, ana tsayar da ita a kan gwiwa a goga ta da baka, kamar yadda mai goge yake yi.