Wai da gaske ne waya na koya wa AI aiki ba tare da sirrin mutum ya fita ba?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ni mai gyaran waya ne a Marwa. Ƙanena ya sa wata manhaja da aka turo masa ta WhatsApp, wai wayarsa za ta riƙa koya wa AI aiki tare da sauran wayoyi ana biyansa, kuma ba abin da zai fita daga wayar. Har sefa 10,000 suka karɓa na rajista. Yanzu wayar zafi take kamar dutsen guga, data ba ta kwana. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fasahar kam akwai ta, Google ya bayyana ta a 2017 kuma yana amfani da ita a Gboard, allon rubutunsa na waya, wajen cankar kalmar da za ka rubuta. Ana turo wa wayoyi ƙwaƙwalwar AI ɗin, kowace ta gyara ta da abin da mai ita ke rubutawa, sai ta mayar da lissafin gyaran kaɗai, a haɗa da na dubban wayoyi a fitar da matsakaici. Amma sai wayar na kan caji, tana kan wifi, kuma an ajiye ta, sannan take aikin, don kowa ya san tura abu sama ya fi saukewa wuya, balle da irin rezon da muke fama da shi a ƙauyuka. To kai da kake buɗe wayoyi kullum, wayar da ke zafi a aljihu tana shanye data, wane koyo take yi?

Abin da ya fi damuna shi ne wannan magana ta "ai bayanai ba sa fita", kullum sai na ji ta, har a bakin masu boko, kuma ita ce igiyar da ake ɗaure mutane da ita. Ko a tsarin gaskiya ma lissafin gyaran nan yana iya tona asiri, a 2019 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna za a iya sake gina hoton da aka yi koyo da shi daga lambobin kawai. Shi ya sa masu aikin tsakani da Allah suke kulle lambobin yadda sai jimillarsu ake gani, har su cakuɗa su da ƙura, wato lambobin bogi, da gangan don kar a gane na wane ne. Injiniyoyi na shan wannan wahala, sai wani ɗan damfara da ba a san gidansu ba ya ce a yarda da fatar bakinsa? Idan manhajar ta nemi izinin karanta SMS da lambobin waya aka ba ta, to ka sani ta SMS saƙonnin kuɗin waya suke shigowa. Me koyon na'ura zai yi da lambobin 'yan'uwanka? Kuma don Allah tun yaushe mai aiki ke biyan wanda ya ɗauke shi?

Ka karɓi wayar yau, ka cire layin, ka kwashe hotuna, ka wanke ta tas ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ƙanen naka ya canza lambar sirrin kuɗinsa ta wata wayar daban, kuma ya kira duk wanda ya tura wa manhajar ya faɗa musu.