Wane suna ya dace da sabon kwikwiyona?

Tambaya: Barka da aiki, Malam. Mako biyu ke nan da na karɓo wani farin kwikwiyo ɗan wata biyu da rabi, amma har yau mun kasa tsayar masa da suna. Yara sun dage sai "Fari", maiɗakina tana son "Tauraron Asuba", wanda ya ba ni shi kuma "Bobi" yake ce masa. Kowa da yadda yake kiransa, shi kuwa ba ya waiwayon kowa. Wanne ya fi dacewa? Kuma idan muka canza masa suna, ba zai ruɗe ba?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya sa ku ji daɗinsa. Bari in fara da abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato kiransa da sunaye uku a gida ɗaya. Kare bai san suna yadda mu muka san namu ba. A wurinsa suna wani sauti ne da ya koya cewa duk sa'ad da ya ji shi, in ya dubi mai magana, wani alheri zai biyo baya. To idan sautin nan yana sauyawa daga baki zuwa baki, da me zai riƙe? Ba taurin kai yake yi muku ba, har yanzu ba a ba shi abin da zai koya ba ne.

Kada ka ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza. A Amurka, wani malamin jami'a, John Pilley, ya koya wa karyarsa Chaser sunayen kayan wasa 1,022, kowanne tana ɗauko shi da sunansa. Sirrin shi ne kowane abu yana da sunansa na kansa, kuma ba ya canzawa.

Yanzu ga zaɓin. Shawarar farko tsohuwa ce ƙwarai. Zenofon, marubucin Girka, ya ce wa mafarauta tun kusan shekara 2,400 da suka wuce su sa wa karnukansu gajerun sunaye masu sauƙin kira, daga baya Kolumela na Rum ya ce gaɓa biyu ta fi. Har gobe ina tare da su. Suna mai gaɓa ɗaya yakan ɓace a cikin hayaniya, mai gaɓa biyar ko shida kuwa kafin ka kai ƙarshensa kare ya tsallaka titi. Saboda haka "Tauraron Asuba", duk da daɗinsa a kunne, ba zai yi aikin yau da kullum ba. Da bakinku za ku gutsure shi ya koma "Tauraro" ko "Asuba", to gara ku gutsure tun yanzu, ku tsaya a kan guda.

"Fari" kuwa ina roƙon yara su yi haƙuri. Faɗi "Fari" da ƙarfi, sannan ka faɗi "bari". Harafi ɗaya ne ya raba su, shi ma duk a leɓe ake furta shi. Kwikwiyo zai ji "bari!" sau da yawa a wuni, yana tauna takalmi, yana jan labule, yana haƙa rami. Idan sunansa ya yi kama da kalmar hani, kun ɗaure shi ke nan: ana kiransa yana zaton tsawa ce, ana yi masa tsawa yana zaton kira ne. Haka za ku gwada kowane suna da sauran kalmomin horo, irin su zo, zauna, tsaya da kwanta. Ku kuma duba kada ya yi kama da sunan wani a gidan, ko na maƙwabci ko ɗan'uwa, don mutane da yawa ba sa jin daɗin a kira kare da sunansu. Ka tuna kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, wasu ma fiye, kuma za ka riƙa ƙwala wannan kira a bainar jama'a. Sunan da za ka ji nauyin faɗa a gaban baƙi, ka bar shi tun yau.

A cikin ukun nan "Bobi" ne ya cika ƙa'ida, amma ba dole ba ne. Canza suna ba ya cutar da kare, ko da ya girma, balle wannan da bai riƙe ko ɗaya ba tukuna. Hasali ma, idan kare ya fito daga hannun wanda ke dukansa, ni na fi son a canza masa, domin tsohon sunan ya riga ya haɗu da tsoro a ransa.

Koyarwar ita ce inda nake so ka fi ba da hankali. Ka samu wuri marar hayaniya, ka riƙe 'yan ƙananan gutsattsarin abincin da yake so. Ka faɗi sunan sau ɗaya, da sakin murya. Da zarar ya ɗago ya dube ka, ka yabe shi ka ba shi nan take, kada ka bari daƙiƙa biyu ta wuce, in ba haka ba ba zai gane dalilin kyautar ba. Minti uku zuwa biyar sun isa, sau biyu ko uku a rana, kowa a gidan ya karɓi nasa zagayen. Idan bai duba ba, kada ka jero sunan sau biyar, don haka ne yake koyon cewa kiran farko ba shi da muhimmanci. Ka ɗan tafa hannu ko ka matso kusa, ka sake gwadawa. In ya ƙware a ɗaki, sai a fita tsakar gida, sannan waje.

Murya ma tana da nata rabo. A 2016 masu bincike a Budafes, babban birnin Hangari, sun duba ƙwaƙwalwar karnuka 13 da na'ura, suka ga sashen jin daɗi ya fi motsawa idan kalmar yabo ta zo da muryar yabo. Wato kare yana sauraron abin da ka faɗa da kuma yadda ka faɗe shi. Shi ya sa nake hana mutane kiran sunan kare don su yi masa faɗa ko su ɗaure shi. Wanda aka kira sau uku ya sha tsawa, a na huɗu nesa zai tsaya.

Abu ɗaya kuma, tunda ka ce fari ne kuma ba ya waiwayon kowa. Kurumtar haihuwa ta fi yawa a karnuka masu farin gashi, musamman irin Dalmeshiyan. Ka bari sai ya juya maka baya, ka kaɗa makullai ko ka tafa daga ɗan nesa, inda ba zai ga motsinka ko ya ji iskar hannunka ba. Idan kunnuwansa sun motsa, alama ce yana ji, ku ci gaba da horo. Idan ka gwada sau da dama shiru, ka kai shi wurin likitan dabbobi ya duba kunnen. Ko da ta tabbata kurma ne, yana koyon horo sarai da alamun hannu, sai ku zaɓi alama ɗaya ta zame masa suna.