Amsar Kawu kan bidiyon ɓaraguzan jirgi a kan dutse

Assalamu alaikum mutanen gida. Auta, na saurari muryarka, na kuma kalli bidiyon da ka turo na Turawan nan masu hawan dutse da suka tarar da ɓaraguzan jirgin sama. Ka ce anya kuwa gaskiya ne, yaya jirgi sukutum zai faɗi a yi shekara da shekaru ba a gan shi ba. To amma ni na gane inda ka dosa, tunda a ƙarshe ka ce da a wajenmu ne da tuni 'yan gwangwan sun ɗora shi a sikeli. Wannan ce ta tsaya mini a rai.

Gaskiya ne, ana yi. Kai duwatsun Dutse da na Birnin Kudu ka sani, waɗanda yaro zai hau da hantsi ya sauko kafin azahar. Nasu ba haka suke ba, ƙanƙara ce a kansu rani da damina. Akwai wani jirgin Ingila mai suna Star Dust, ranar 2 ga Agusta 1947 ya tashi daga babban birnin Ajantina zai je Santiyago, da mutum 11 a ciki. Aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Sai a 1998 wasu 'yan Ajantina biyu suna hawan dutsen Tupungato suka ga inji a yashe, da sunan kamfanin da ya ƙera shi, Rolls-Royce, a jikinsa. A shekarar sojoji suka hau... a'a, astagfirullah, sojojin a 2000 suka je. Su suka samo sauran, har da taya da iskarta a ciki.

Abin da binciken ya nuna, can sama akwai iska mai tsananin gudu da ta yi ta danne jirgin ta gaba. Matuƙan suna lissafin sun riga sun tsallake duwatsun, alhali da saura. Suka fara sauka cikin gajimare, suka daki dutse, ƙanƙara ta rufto ta binne su. Ita kuma ƙanƙarar tafiya take a hankali, tana gangarowa da duk abin da ta haɗiye, sai ta iso inda take narkewa ta amayar da shi. Shekara 51 kenan.

To ka ga me ya tona asirin? Rubutun jikin ƙarfe. Masu wannan bincike hoto suke ɗauka, su rubuta lambar da ke jikin kowane ƙarfe da daidai wurin da yake kwance, su bar shi nan, sannan su koma tsofaffin takardu su gwada. Da 'yan Ajantinan nan biyu sun kwance injin sun sayar, da dangin mutum 11 har yau suna zaman jiran labari.

Shi ya sa maganar sikelinka ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Kai ba ka taso ka ga sikelin gyaɗar kakanku ba. Tun zamanin dalar gyaɗa a Kano yake zauren nan, duk ƙauyukan da ke kewaye a kansa ake auna musu. Akwai wani ɗan faranti na tagulla a wuyansa, da sunan kamfanin da ya ƙera shi da shekara da lamba. Ina yaro ni nake goge shi da toka da lemon tsami. Ina can wajen aiki wani na gida, ba zan kama suna ba, ya san kansa kuma yana jin muryar nan, ya kira mai kura aka farfasa shi da guduma. Kuɗin ko buhun taki ba su saya ba. Na bi sawu har kasuwa, na ce ko farantin kaɗai a ba ni in biya ninki, aka ce an riga an loda mota. Wai tsohon ƙarfe ne yana tare hanya. Wace hanya? Shekara nawa ana wucewa ta gefensa, har da gawa an fita da ita ta zauren nan bai tare kowa ba. To, bari in bar wannan, raina ɓaci yake.

Ina cewa... yauwa, jirgi. Mu ma fa muna da namu. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. Daga Jidda yake, Legas ma zai sauka, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato da shi nan. A cikinku yara wa ya taɓa jin wannan? Amma ka duba maƙwabtanmu Nijar. Jirgin Faransa da bam ya tarwatsa a hamadar Tenere a 1989, mutum 170, dangin mamatan sun koma wurin a 2007 suka jera baƙaƙen duwatsu, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunayen mutanensu. Allah ya jiƙan musulmin da suka riga mu.

Yaya Hajiya, in kina saurare, don Allah ki duba akwatin Baba. Akwai hoton da ya ɗauka a tsaye kusa da sikelin, wataƙila farantin ya fito a ciki. In kin gani ki sa jikokinki su ɗauka da waya su turo mini.