Ƙidayar Koriyanci: wacce zan fara haddacewa?

Ɗan'uwa, ka ce ka soma koyon Koriyanci, sai ka ga "ɗaya" wani wuri hana, wani wuri il, har kanka ya ɗaure. Duka biyun daidai ne, ƙidaya iri biyu gare su.

Ta asalin harshen ita ce hana, dul, set, net, daseot, har zuwa yeol, wato goma, kuma a 99 take tsayawa. Da ita ake ƙirga mutane da kaya, da faɗin shekarun mutum da ƙarfe nawa. Ɗayar an aro ta daga Sinanci: il, i, sam, sa, o, yuk, chil, pal, gu, sip. Ita ce ta kuɗi, kwanan wata, lambar waya da mintoci. Ni dai da wannan zan ce ka fara, don ba ta da wuya: 20 i-sip, 35 sam-sip-o, shi ke nan.

Agogo ne ke haɗa su wuri guda. Ƙarfe 3:30 se si samsip bun ne (si "ƙarfe", bun "minti"), awa da ta asali, minti da ta aro. Lura yadda set ya koma se. Haka hana ke zama han, dul ya zama du idan abin ƙirgawa ya biyo baya. A harkar kuɗi kuma dubu goma sunanta guda ne, man, saboda haka won (kuɗin Koriya) 50,000 o-man won ne.

Kalmomin farko kuwa: annyeonghaseyo gaisuwa, gamsahamnida godiya, eolmayeyo "nawa ne?". Amma ka koyi Hangul, wato rubutun Koriyanci, tukuna, baƙaƙe 24 ne kacal, domin rubutun boko ba ya fitar da lafazinsu sosai.