In sayi injin yanka adaftar birki ko in ba da aikin waje?

Wani mai sayar da kayan mota ne ya turo tambaya, wai kwastomominsa na son a sa musu manyan kaliba (ƙarfen da ke matse faifan birki) irin na kamfanin Brembo da babban faifan birki a motocin da ba a ƙera su da su ba, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an yanka adafta da za ta haɗa kalibar da ƙafar motar. Yana da ɗan jari, yana tunanin ya sayi injin CNC, wato injin yanka ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, ya riƙa yankawa da kansa.

Malam, gaskiya kar ka sayi injin nan yanzu. Riba na cikin harkar, amma ba a ƙarfen take ba, a awo take. Adafta ɗan guntun ƙarfe ne mai ramuka huɗu ko makamancin haka, abin da ke cin kuɗi shi ne zanen farko da gwaji da saita inji, shi ya sa guda ɗaya ke zuwa da tsada amma in ka ce a yanka maka ashirin iri ɗaya sai kuɗin kowace ya faɗo sosai tunda sau ɗaya za a saita. Toh in ka sayi inji kuma kowane kwastoma da irin motarsa, kullum kana kan guda na farko kenan, ga albashin mai sarrafa injin ga wuta ga haƙoran yanka da ke cinyewa, jarinka ya kwanta.

Abin da zan ba ka shawara, ka zaɓi mota ɗaya ko biyu da aka fi tambayarka, ka biya injiniya ya yi zanen, kuma ku rubuta a takarda cewa zanen naka ne, don shi ne ainihin kadararka. A fara buga samfurin roba da firintar 3D a gwada zamansa kafin a taɓa ƙarfe, arha ne kuma a nan ake kama kuskure. Sannan ka kai wa masu inji su yanka. Wanda ya zo da mota ta daban kuwa ya ajiye kafin alƙalami da zai rufe kuɗin zane, in ba haka ba ka bar shi ya tafi.

Wajen ƙarfe kar ka yi ƙwauro. Alminiyam nau'in 7075-T6 ya kusa ninka nau'in 6061-T6 ƙarfi, ƙarfen sitil kuma ya fi su jure zafi sai dai nauyi, injiniyan ne zai ce wanne ya dace da kaurin da wurin ya ba da dama. Kusoshi su zama masu lambar ƙarfi 10.9 ko 12.9, a ɗaure da sifanar awon ƙarfi. Mai inji in ya ce maka "ai duk alminiyam ɗaya ne" ka canza wuri.

Kuma ka sani adafta kaɗai ba ta gama magana. Kaliba mai manyan fistin na buƙatar man birki da yawa, in mastan motar, wato famfon da ke tura man birki, ƙarami ne sai feda ta riƙa nutsewa, sannan in birkin gaba ya yi ƙarfi fiye da kima an ɓata daidaiton gaba da baya. Babban faifai ma sau da yawa ba ya shiga rim ɗin asali. Wannan ma ciniki ne a gare ka, ka sayar da saiti cikakke da tiyo da kusoshi da komai, an fi samun riba a haka. Amma ka faɗa wa kwastoma gaskiya, babban birki zafi yake jurewa in ana yawan takawa, tsayawar farat ɗaya kuwa taya ce ke yanke hukunci, da yawa sabuwar taya da fad ɗin birki mai kyau kawai suke buƙata.

Babban haɗarin shi ne alhaki. Adafta in ta tsage a kan gudu rai ne, kuma kai da ka sayar za a nema. Ka bincika dokar inda kake, a Jamus misali irin wannan canjin sai masu duba mota kamar TÜV sun amince an shigar da shi takardun motar, kamfanin inshora kuma na iya ƙin biya in ba a sanar da su canjin ba. Ka sa kuɗin gwaji da na inshorar kasuwancinka cikin farashi tun farko, kowace adafta a buga mata lamba ka rubuta wanda ya saya. Maganar inji kuma a dawo kanta ranar da kuɗin da kake biyan masu yanka duk wata ya wuce abin da injin zai ci maka.