Tabon tiyata da gyaran tumbi

Tambaya: Likita, haihuwata uku duk ta tiyata, kuma an cire min matsarmama, tabon na nan ƙasan haƙarƙarina na dama. Fatar cikina ta saki har tana rufe bakin zani. Za a iya yi min aikin rage tumbi? Daga Maman Ilham, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Maman Ilham, tabon haihuwa bai dame ni ba, galibi yana tafiya da fatar da za a yanke. Na haƙarƙarin nan ne abin dubawa. Idan aka ɗaga fatar ciki, jini daga gefe yake shigo mata, tsohon yankan kuwa wataƙila ya datse hanyar. Fatar da ba ta samun jini sai ta yi baƙi ta mutu.

Shi ya sa wasu likitoci ke ɗaukar hoton zafin jiki tukuna. A sanyaya cikin, sannan kyamara ta riƙa kallon yadda ɗumi ke dawowa. Inda jijiyar jini take da rai, ɗigo mai haske ke fara bayyana a hoton. Ba allura, ba ciwo. Ni dai ba na dogara da shi kaɗai, sai na tabbatar ta hanyar na'urar Dofla, wadda ke gano gudanar jini a cikin jijiya.

Kuma in da sauran niyyar haihuwa, ki dakata tukuna.